Kwamfuta ta ce “babu wuri” alhali akwai? Ga inda gizo ke saƙar

Idan kana cikin matasan da suka shiga harkar rubuta manhaja, ko ta shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, ko ta YouTube da datar dare, to ko ba daɗe ko ba jima za ka ci karo da wani gajeren saƙo na Turanci a allonka: “No space left on device”. Ma'anarsa dai wuri ya ƙare a na'urar. Za ka duba faifan ajiya, ka ga ko rabi bai cika ba. Ka leƙa RAM, ka ga gigabayit biyar ko shida na zaune, ba aikin fari balle na baƙi. Amma duk da haka rumbun bayananka ya ƙi amsa tambaya, ko burauzar da ka sa aiki ta faɗi, ko horon da kake ba ƙirƙirarriyar basira ya tsaya cak bayan awa uku kana jira.

A nan ne da yawa ke tafka asara. Wani zai ruga ya ƙara girman sabar da yake haya, kuma ka san da dala ake biyan wannan haya. Wani zai goge komai ya sake girkawa tun daga farko, bayanan mai aiki su bi ruwa. Wani kuma zai kwafo umarnin da bai fahimta ba ya liƙa, ya yi ta addu'a. Bayan duk wannan wahala saƙon ya sake dawowa, tsugune ba ta ƙare ba.

Sau da yawa na'urar ba ta rasa komai ba. Wani ɗan shinge ne aka kafa a cikinta, aikinka ya kai bakinsa. Idan ka san inda shingen yake, layi ɗaya na iya raba ka da matsalar.

Gidan haya da tsakar gida

Ɗauki kwamfuta a matsayin gidan haya. Kowace manhaja da ke gudana tana da ma'aikata, kuma kowane ma'aikaci an ba shi ɗakinsa a cikin RAM. Mai gidan shi ne kanal, wato zuciyar tsarin Linux ko macOS ko Android. Dokarsa ta farko ita ce babu mai leƙa ɗakin wani. Wannan doka ce ke hana wata manhaja karanta kalmar sirrin da ka rubuta a wata, kuma ita ce ke sa idan ɗaya ta rikice ba ta jan sauran ƙasa.

To amma ma'aikata na buƙatar miƙa wa juna kaya. Hanya ɗaya ita ce a ba mai gida saƙo ya kwafa ya kai ɗakin maƙwabci. Idan saƙon ƙarami ne, ba laifi. Idan kuwa hoto ne babba, ko tebur mai layi miliyan, kwafe-kwafen zai cinye lokaci. Shi ya sa aka samar da hanya ta biyu: mai gida ya ware wani fili a tsakar gida, duk ma'aikacin da aka ba izini ya ajiye ko ya ɗauka kai tsaye. Wannan fili shi za mu kira ma'adanar tarayya, kuma tana cikin hanyoyi mafi sauri na musayar bayanai tsakanin ma'aikata a na'ura ɗaya.

Kana amfani da ita kullum ko ba ka sani ba. Burauzar Chrome, tun fitowarta a 2008, tana rarraba aikinta ga ma'aikata daban-daban, kuma ta wannan fili suke miƙa wa juna abin da za a zana a allo. PostgreSQL, rumbun bayanan da Instagram ta dogara da shi tun farkonta, kusan kowane mai haɗuwa da shi ma'aikaci guda ake ware masa, kuma duk a fili ɗaya suke ɗibar bayanai.

Sai dai mai gida ba ya barin tsakar gida ba iyaka. Da ya bari, ɗan haya ɗaya mai haɗama zai cika ta da kayansa, kowa ya rasa wurin taka ƙafa. Don haka saƙon “babu wuri” na iya nufin tsakar gida ce ta cika, ɗakuna kuwa ga su nan fayau.

Ƙofa biyu, kowace da mai gadinta

Abin da ke ƙara rikita sabon shiga shi ne a Linux akwai manyan hanyoyi biyu na neman wannan fili, kuma iyakokinsu daban suke.

Ta farko tsohuwa ce, ta samo suna daga UNIX System V da kamfanin AT&T na Amurka ya fitar a 1983. Manhaja na kiran shmget ta ce tana son yanki mai girma kaza. Masu gadi uku ne a bakin wannan ƙofa. SHMMAX shi ne iyakar girman yanki guda, ana lissafa shi da bayit. SHMALL shi ne jimillar duk yankunan da ke na'urar, shi kuma da shafi ake ƙirga shi, shafi guda a yawancin kwamfutoci bayit 4096 ne. SHMMNI kuma shi ne adadin yankunan da aka yarda a buɗe, wanda a Linux yake 4096 idan ba a taɓa shi ba.

Ka lura da bambancin nan na bayit da shafi, don ya kayar da mutane da yawa. Idan ka rubuta lamba iri ɗaya a SHMMAX da SHMALL, ba abu ɗaya ka faɗa ba. Tsohon adadin SHMALL shafi 2097152 ne, wanda idan ka ninka da 4096 zai ba ka gigabayit 8.

Shekaru da dama SHMMAX na Linux megabayit 32 ne kacal. Ya dace da zamanin da aka sa shi, amma da kwamfutoci suka girma sai ya zama ƙarfen ƙafa. Duk wanda ya girka PostgreSQL ko Oracle a wancan lokaci sai ya fara gyara wannan lamba kafin ya yi wani aikin kirki. An magance abin ta fuska biyu. PostgreSQL 9.3 da ya fito a 2013 ya ɗauke mafi yawan buƙatarsa daga wannan ƙofa, ya bar ɗan mitsitsin yanki kawai. Sannan Linux 3.16 da ya fito a 2014 ya ɗaga SHMMAX da SHMALL zuwa lambar da kusan ba ta da iyaka.

Me wannan ke nufi gare ka? Yawancin shawarwarin da za ka gani cewa “ka ƙara kernel.shmmax” an rubuta su ne don kwamfutocin da suka wuce shekara goma. A sabuwar Ubuntu ko Debian, idan ka kwafi lambar da suka bayar, kana iya rage iyakar ne da hannunka kana zaton ƙara ta ka yi. Masu MacBook kuwa labarinsu daban ne: a macOS iyakar yanki guda ta asali megabayit 4 ce, adadin yankuna kuma 32, don haka can tsohuwar matsalar na nan da ranta.

Ƙofa ta biyu ita ce ta POSIX, wadda ake buɗewa da shm_open. Ita ba ruwanta da waɗancan masu gadi uku. A Linux tana ajiye kayanta ne a wani wuri mai suna /dev/shm, wanda yake kama da babban fayil a faifai amma a gaskiya cikin RAM yake zaune. Girmansa na asali rabin RAM ɗin na'urar ne. Tunda kama da faifai yake, idan ya cika, saƙon cikar faifai yake bayarwa. Ka ga asalin ruɗanin ke nan.

Megabayit 64 da ke hana mutane barci

Yau inda matsalar ta fi kama matasa shi ne Docker. Tun fitowarsa a 2013 ya zama hanyar da ake naɗe manhaja da duk kayan aikinta cikin kwantena guda, a ɗauka a kai kowace saba. Abin da ba a cika gaya wa mai koyo ba shi ne kowace kwantena na samun nata /dev/shm, kuma girmansa megabayit 64 ne idan ba ka ce komai ba. Sabarka ko gigabayit 32 take da shi, kwantenar 64 ɗin nan kawai ta sani. A Kubernetes ma galibi haka abin yake.

Manhajoji uku ne suka fi shan wannan duka, kuma kowace da irin kukanta.

PostgreSQL zai yi ta aiki lafiya wata da watanni, sai ranar da teburinka ya girma. Tun daga siga ta 9.6 a 2016 yana iya raba tambaya mai nauyi ga ma'aikata da yawa su yi tare, kuma waɗannan ma'aikata a /dev/shm suke haɗa sakamako. Ranar da suka buƙaci fiye da abin da ke akwai, za ka ga “could not resize shared memory segment”, a ƙarshen layin kuma “No space left on device”. Shi ya sa abin ke zuwa kamar aljani: ƙananan tambayoyi na wucewa, rahoton ƙarshen wata ne ke faɗuwa, daidai lokacin da mai aiki ke jiransa. Kuma rage shared_buffers ba zai taimaka ba, domin wancan babban yankin ba a /dev/shm yake ba.

Chrome, idan ka sa shi cikin kwantena da Selenium ko Puppeteer don gwada shafuka, sai ya buɗe shafi mai hotuna da yawa ya mutu ba sallama.

PyTorch kuma, wanda masu koyon ƙirƙirarriyar basira ke amfani da shi, yana da ma'aikatan da ke loda hotuna su miƙa wa mai horo ta wannan fili. Idan ya cika za ka ga “Bus error”, ma'aikacin ya faɗi, awowin da ka biya na hayar na'ura su tafi a banza.

Me ya sa ɗaya ke ba da saƙo a natse, ɗayan kuma ya faɗi warwas? Dalilin yana da ban sha'awa. A /dev/shm, idan ka ce kana son fili mai girma kaza, kanal na amsa maka da “to” ba tare da ya ware komai ba tukuna. Sai lokacin da ka zo rubutu a wurin yake neman shafin da zai ba ka. Idan babu, ba shi da hanyar ba ka haƙuri a tsakiyar rubutu, sai ya aiko da siginar SIGBUS, wadda ke kashe ma'aikacin nan take. PostgreSQL ya kauce wa wannan ta hanyar neman a ware masa filin gaba ɗaya tun farko, da posix_fallocate. Idan babu, ya ji tun da wuri ya gaya maka. Idan kai ma kana rubuta manhaja da C ko Rust mai amfani da shm_open, wannan dabara ce da ya kamata ka ara.

Tambayoyi huɗu kafin ka taɓa komai

A ajin koyon aikin jarida, abin da ake fara cusa mana shi ne kar ka rubuta labari sai ka san wa, me, ina, da yaushe. Saƙon kuskure ma labari ne da na'ura ta kawo maka, kuma majiya ce mai taƙaita magana. Yi mata tambayoyi.

Na farko, wace ƙofa ce? Karanta saƙon har ƙarshe, kar ka tsaya a layin farko. Idan ka ga shmget, System V ce. Idan ka ga suna mai farawa da /PostgreSQL ko an ambaci /dev/shm, POSIX ce. Idan saƙon bai faɗa ba, strace zai nuna maka kiran da manhajar ta yi wa kanal da amsar da ta samu.

Na biyu, wace amsa kanal ya bayar? A shmget, “Invalid argument” galibi na nufin ka nemi yankin da ya wuce SHMMAX. “No space left on device” na nufin ko dai adadin yankuna ya kai SHMMNI, ko jimilla za ta wuce SHMALL. “Cannot allocate memory” shi ne ya fi kusa da ƙarancin RAM na gaskiya. Ga kwantenar da ta mutu kuwa, duba lambar fitarta: 135 a yawancin sabobi na nuna SIGBUS, 137 kuma na nuna an kashe ta da ƙarfi, sau da yawa don ta wuce iyakar RAM da aka ba ta.

Na uku, a ina kake tsaye? Wannan ne tarkon da ya fi kama mutane. Idan ka rubuta df -h /dev/shm a kan sabar kanta, za ka ga gigabayit da yawa, ka ce ai lafiya lau. Shiga cikin kwantenar da docker exec ka sake rubuta umarnin. A can ne za ka ga 64M. Gani ya kori ji.

Na huɗu, wa ya cika filin? Umarnin ipcs -l zai nuna maka iyakokin System V, ipcs -m kuma ya jero yankunan da ke akwai, da mai su, da girmansu. Ga POSIX, ls -lh /dev/shm ya wadatar. Ka yi wannan dubawa lokacin da aikin mai nauyi ke gudana, domin da ya faɗi filin na iya komawa fanko, ka zo ka tarar kamar ba a yi komai ba.

Gyara, da farashin kowanne

Idan kwantena ce, gyaran da ya fi tsabta shi ne ka ba ta fili daidai bukata. A docker run ka ƙara --shm-size=1g, ko a fayil ɗin Compose ka sa shm_size. Sake kunna kwantenar kawai ba zai isa ba, sai an sake ƙirƙirarta, don haka ka tabbata bayananka na ajiye a wajenta kafin ka rushe ta. A Kubernetes ana ɗaura emptyDir mai medium: Memory a kan /dev/shm, a sa masa iyaka.

Amma kar ka ce bari in sa gigabayit 16 in huta. Duk abin da aka rubuta a /dev/shm ana lissafa shi cikin RAM ɗin kwantenar. Idan ka buɗe shingen fiye da abin da na'urar ke iya ɗauka, ka gudu ne ba ka tsira ba: maimakon tambaya ɗaya ta faɗi da saƙo mai ma'ana, kanal zai zaɓi ma'aikaci ya kashe don ceton gidan, kuma yana iya zama rumbun bayanan ne gaba ɗaya. Auna abin da aikin ke ci a lokacin da ya fi nauyi, ka ƙara ɗan sarari a kai, shi ke nan.

Za ka ga masu ba da shawarar --ipc=host. Yana aiki, har masu PyTorch sun ambace shi a bayanansu. Sai dai ma'anarsa ka rushe katangar da ke tsakanin kwantenar da tsakar gidan sabar. A laftof ɗinka na gwaji ba damuwa. A sabar da ke ɗauke da bayanan mutane, ka yi tunani sau biyu.

Ga Chrome akwai --disable-dev-shm-usage, wanda ke sa shi amfani da /tmp a madadin. Zai daina faɗuwa, ko da yake idan /tmp a faifai yake saurin na iya raguwa. Ga PyTorch, rage num_workers ko girman kason hotunan da ake lodawa lokaci guda na rage cin filin. Ga PostgreSQL, idan tsakar dare ne kuma mai aiki na kan waya, mayar da max_parallel_workers_per_gather zuwa 0 zai sa tambayar ta wuce a hankali, kafin gari ya waye ka yi gyaran gaske.

Idan kuwa da gaske iyakar System V ce, sysctl -w zai canza ta nan take, amma da an sake kunna na'urar za ta koma gidan jiya. Sai ka rubuta ta a fayil cikin /etc/sysctl.d kafin ta zauna.

Sharar da ba mai kwashewa

Akwai wani hali na ma'adanar tarayya da ya bambanta ta da ɗakin ma'aikaci. Idan ma'aikaci ya mutu, kanal na share ɗakinsa. Abin da ya bari a tsakar gida kuwa yana nan har sai wani ya cire shi, ko an sake kunna na'urar. Manhajar da ke faɗuwa tana tashi sau ɗari na iya barin yanki ɗari a baya. Wata rana filin ya cika da kayan matattu, kai kuma kana ta ƙara iyaka.

A sakamakon ipcs -m akwai layin nattch, mai nuna ma'aikata nawa ke riƙe da kowane yanki. Sifili alama ce ta maraya, kuma ipcrm -m da lambar yankin zai cire shi. Sai dai a yi hattara. Wasu manhajoji da gangan suke barin yanki don su dawo su same shi. Haka kuma goge fayilolin /dev/shm alhali rumbun bayanai na gudana kamar janye tabarma ne mutum na zaune a kai. Tsayar da manhajar tukuna, ka tabbatar da mai yankin, sannan ka share. Idan kai ne marubucin manhajar, duk inda ka kira shm_open ka tanadi inda za a kira shm_unlink, har da lokacin da abubuwa suka lalace.

Akwai kuma akasin haka, inda ake kwashe kayan masu rai. A tsarin da ke amfani da systemd akwai saitin RemoveIPC, wanda ke share yankunan mai amfani da zarar ya fita gaba ɗaya. Idan ka kunna PostgreSQL da asusun mutum na yau da kullum maimakon asusun tsarin, fitarka daga sabar na iya tafiya da yankunansa. Masu PostgreSQL da kansu sun yi gargaɗi a kan wannan.

Masu gina manhajar waya ma kar su ce ba ruwansu. A Android, hanyar da manhajoji ke aika wa juna saƙo, wato Binder, tana da fili na kusan megabayit 1 ga kowane ma'aikaci. Ka cusa babban hoto a ciki, ka sami TransactionTooLargeException ko da wayar gigabayit 12 take da shi. Magani shi ne ka aika adireshin hoton, ka bar hoton inda yake.

Kafin ka ciro katin banki

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, bambancin mai kwafar umarni da wanda ake kira idan abu ya lalace bai wuce waɗannan 'yan mintoci na dubawa ba. Duk lokacin da na'ura ta ce babu wuri, tambaye ta wane wuri. Rubuta df -h /dev/shm a cikin kwantenar, rubuta ipcs -l da ipcs -m, duba free -h, ka ajiye lambobin gefe guda.

Idan bayan haka sai ka nemi taimako, matambayi ba ya ɓata, amma ka taimaki mai taimakonka. Kar ka tura hoton allo mai duhu ka rubuta “don Allah ya ƙi yi”. Tura cikakken saƙon kuskuren a rubuce, da sigar tsarin da kake kai, da ko cikin kwantena kake, da lambobin nan da ka tara, bayan ka goge kalmomin sirri da adireshin sabarka. Wanda ya san aikin zai gane matsalar kafin shayinsa ya huce, kai kuma dalolinka su zauna a aljihu.